Yadda ake riƙe taswirar bit a direban Linux ba tare da an taka memorin wani ba

Wannan bayani na ƙannenmu ne na nan Yamai da Tawa da suka iya harshen C, suka kuma fara leƙa rubutun direban na'ura a cikin kanel ɗin Linux. Taswirar bit jeri ne na bit, kowanne yana wakiltar abu guda: 1 an ɗauka, 0 babu kowa. Direbobi na amfani da ita wajen sanin wane gurbin DMA (hanyar da na'ura ke kai bayani memori kai tsaye) ke aiki, wace katsewa (kiran da na'ura ke yi wa furosesa, wato interrupt) ke jira, wane layin GPIO (layin shiga da fita na lantarki) aka riƙe. A kanel ba komai ba ce illa jerin `unsigned long`, kuma ba ta san tsawon kanta ba. `set_bit` lambar bit da manuni kawai yake karɓa. Ka ba shi 500 a taswira mai bit 40, zai je ya rubuta ba tare da ya tambaye ka ba. Tsawon yana hannunka, kuma duk matakan da ke ƙasa dabarun riƙe shi ne.

Misalinmu na'ura ce mai gurbi 40. Da gangan na zaɓi 40: ya wuce 32, bai kai 64 ba, a wannan tsakanin ne kurakurai suka fi ɓuya.

Kayan aiki

Kwamfuta mai Debian ko Ubuntu. Memori giga 8 ya wadatar, giga 4 ma zai yi in ka yi haƙuri. Ka bar fili kamar giga 20 a faifai. Ka saka `build-essential`, `flex`, `bison`, `bc`, `libssl-dev`, `libelf-dev`, `git`, `sparse`, `ccache`, `qemu-system-x86`, `qemu-system-arm`, `gcc-arm-linux-gnueabihf` da `busybox-static` domin ƙaramin tsarin da za ka tayar a QEMU, shirin da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka.

Sai tushen kanel daga kernel.org. Dunƙulallen fayil ɗin ya haura mega 100, cikakken tarihin git kuwa gigogi ne. In kuɗin intanet ya yi maka nauyi, yi `git clone --depth 1`, ko mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran ta USB. Sai takardar bayanin na'urar daga waɗanda suka ƙera ta, domin a nan ne za ka ga faɗin kowace rajista.

Kada ka gwada direba a kan kwamfutar da kake aiki da ita. A QEMU ake gwaji. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke sa kwamfuta ta kashe kanta kuma wuta ba ta zama, ka harhaɗa da `make -j2` maimakon ka ɗora wa furosesa duka. In ta ɗauke a tsakiya, sake buga `make` zai ci gaba daga inda ya tsaya.

1. Gina kanel na gwaji tun kafin ka rubuta layi ɗaya

Bayan `make defconfig`, kunna `CONFIG_KASAN`, `CONFIG_UBSAN`, `CONFIG_PROVE_LOCKING` da `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP`. KASAN ne ke kama karatu ko rubutu a wajen iyakar memori, yana kuma cin kashi ɗaya cikin takwas na memorin, don haka ka ba QEMU aƙalla giga 1. KCSAN, mai kama furosesa biyu suna rige-rige a kan wuri ɗaya, ba ya zama tare da KASAN. Ka gina kanel na biyu saboda shi a wata jaka daban da `make O=`.

2. Tambayi kanka ko taswira kake buƙata

In lamba kawai kake so ka ba kowane abu, ka karɓe ta in an gama, IDA, mai rabon lambobi na kanel, ya fi: `ida_alloc_max` da `ida_free`. Shi ke kula da kullensa da iyakarsa. Taswira tana da amfani ne idan za ka gwama ta da rajistar na'ura, ko ka zagaya gurabe, ko ka nemi gurabe da yawa a jere.

3. Ware taswirar, ka ajiye tsawonta wuri ɗaya

```c
#define GURABE 40

struct naura {
	void __iomem *tushe;
	DECLARE_BITMAP(a_hannu, GURABE);
	spinlock_t kulle; /* yana tsare a_hannu */
};
```

`DECLARE_BITMAP` yana lissafa yawan `unsigned long` da ake buƙata: ɗaya a na'ura mai bit 64, biyu a mai bit 32. Daga nan ko'ina a direban `GURABE` za ka rubuta. Ba 40 ba, ba 64 ba, ba `sizeof` sau takwas ba.

In sai na'ura ta tashi ake sanin yawan guraben, yi amfani da `devm_bitmap_zalloc`, ka ajiye adadin a fili na kusa da manunin. Amma ka duba adadin tukuna: na'urar da ta lalace tana iya cewa tana da gurbi sifili ko biliyan huɗu. Ka kuma ware taswirar kafin `devm_request_irq`, saboda kayan `devm`, waɗanda kanel ke saki da kansa idan direban ya rabu da na'urar, ana sakinsu ne daga na ƙarshe zuwa na farko. Haka za a rufe katsewa kafin a saki taswirar da take taɓawa. Inda babu `devm`, akwai `bitmap_zalloc` da `bitmap_free`.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne `kzalloc` da adadi raba takwas. Bit 40 ya ba da bayit 5, alhali ayyukan bit suna karanta bayit 8 cif. Abin da ke sa wannan ya daɗe ba a gano ba shi ne mai rabon memori yakan ba da ɗan ƙari, sai direban ya yi ta aiki lafiya. KASAN kan tona shi nan take.

Taswirar da ka ayyana a cikin aiki, wato a kan sitak, ba a share take zuwa ba. Ka kira `bitmap_zero` kafin komai. Kuma sitak ɗin kanel ƙarami ne, kilo 16 a x86 mai bit 64, don haka babbar taswira ba wurinta ba ne.

4. Rarrabe lambar bit da abin tace bit

`set_bit`, `clear_bit` da `test_bit` lamba suke so: 0, 1, 2, 3. `BIT` kuwa ƙima yake samarwa domin haɗawa da `&` ko `|`. Wanda ya saba da rajista hannunsa kan rubuta haka:

```c
#define GURBIN_AGOGO BIT(6)
set_bit(GURBIN_AGOGO, n->a_hannu);	/* kuskure */
```

Ƙimar 64 ce, don haka bit na 64 aka kunna, wanda ya fita daga taswirar gaba ɗaya. A tsarinmu abin da ke biye da ita shi ne `kulle`. An ɓata makullin, kuma kanel zai ƙame a wani wuri can daban da babu wanda zai danganta shi da wannan layi. Mai harhaɗawa ba zai ce uffan ba, domin duka biyun lambobi ne a wurinsa. KASAN ma ba zai gani ba, tunda rubutun bai fita daga tsarin ba. Maganin a suna yake: lambobi su ƙare da `_NR`, ƙimomin tacewa su ƙare da `_MASK`, ko ka sa lambobin cikin `enum`.

Haka kuma ka bar rubuta `1 << n`. A 31 ya shiga bit ɗin alama, daga 32 sakamakon ba shi da tabbas. `BIT` na `unsigned long` ne, `BIT_ULL` na ƙima mai bit 64 ko a wace na'ura.

5. Nemo gurbi, ka duba amsa, ka kama shi a ƙarƙashin kulle ɗaya

A nan nake so ka fi natsuwa, ƙanena.

```c
static int kama_gurbi(struct naura *n)
{
	unsigned long flags;
	unsigned int g;

	spin_lock_irqsave(&n->kulle, flags);
	g = find_first_zero_bit(n->a_hannu, GURABE);
	if (g >= GURABE) {
		spin_unlock_irqrestore(&n->kulle, flags);
		return -EBUSY;
	}
	__set_bit(g, n->a_hannu);
	spin_unlock_irqrestore(&n->kulle, flags);
	return g;
}
```

Abu na farko: idan babu gurbi, `find_first_zero_bit` ba ya dawo da lamba mai ragi. Tsawon da ka ba shi yake maido maka, wato 40. Wanda ya duba `g < 0` bai duba komai ba, zai kama gurbi na 40 da babu shi, sannan ya shiga da 40 cikin jerin da ya ƙare a 39. Duk dangin `find_` haka suke. `bitmap_find_next_zero_area` shi ma lamba da ta wuce tsawo yake bayarwa in bai samu ba. `bitmap_find_free_region` ne ya bambanta, shi `-ENOMEM` yake dawowa da shi. Kafin ka kira kowanne, buɗe `include/linux/find.h` ko `include/linux/bitmap.h` ka karanta bayanin da ke samansa.

Abu na biyu: nema da kamawa dole su kasance cikin kulle ɗaya. In ka nema a waje ka kama a ciki, furosesa biyu za su ga gurbi na 7 babu kowa, kowanne ya ɗauka nasa ne.

Abu na uku shi ne layukan ƙasa biyu da ke gaban `__set_bit`. Ayyukan bit iri biyu ne. `set_bit`, `clear_bit` da `test_and_set_bit` bugu ɗaya suke yi, babu mai shiga tsakani. Masu layukan ƙasa kuwa suna karanta kalmar gaba ɗaya, su canza bit ɗaya, su mayar da kalmar gaba ɗaya. Sun fi sauƙi ga furosesa, amma sai da kulle. Haɗarin yana wajen cakuɗa su. A ce wannan aikin yana riƙe da kulle yana kunna bit na 3, mai kula da katsewa a wani furosesa kuma ya kira `clear_bit` a kan bit na 9 ba tare da kulle ba, yana ganin ai nasa mai bugu ɗaya ne. Na farkon ya riga ya karanta kalmar da bit na 9 a kunne, zai kuma mayar da ita haka. Gurbi na 9 ya tafi ke nan, ba zai sake dawowa ba sai an sauke direban. Irin wannan yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, sai ka ga na'ura tana cewa ta cika alhali babu mai amfani da ita.

Ka zaɓi tsari ɗaya ga kowace taswira, ka rubuta shi a gefen ayyanawarta. Ni na fi son kulle, domin kusan koyaushe akwai wani bayanin da ke tafiya tare da bit ɗin wanda shi ma yana buƙatar tsaro. In ka zaɓi barin kulle, to sai madauki: ka nema, ka kira `test_and_set_bit`, in ya dawo da 1 wani ya riga ka, ka koma nema. Ka sani kuma `bitmap_set`, `bitmap_clear`, `bitmap_zero`, `bitmap_and` da ƴan'uwansu ba masu bugu ɗaya ba ne, ko da yake babu layukan ƙasa a sunayensu. Wannan kan ruɗi mutane da yawa.

Bugu ɗaya kuma ba ya nufin jeri. `clear_bit` bai yi alkawarin cewa rubutun da ka yi kafinsa zai riga shi isa ga sauran furosesa ba. A x86 ba za ka ga illar ba, a ARM za ka gani. In bit ɗin ne ke zaman makullin gurbi, ka kama da `test_and_set_bit_lock`, ka saki da `clear_bit_unlock`. Fayil ɗin `Documentation/atomic_bitops.txt` gajere ne, ka karanta shi duka.

Wajen saki, yi amfani da `__test_and_clear_bit` cikin kulle, ka sa `WARN_ON` idan bit ɗin dama a kashe yake. Sakin gurbi sau biyu alama ce ta wata ɓarna a wani wurin.

6. Daga rajista zuwa taswira

`readl` yana ba da `u32`. Wannan layi za ka ci karo da shi a tsofaffin direbobi:

```c
u32 hali = readl(n->tushe + RAJ_HALI);
for_each_set_bit(g, (unsigned long *)&hali, 32)	/* kuskure */
```

A na'ura mai bit 64 za a karanta bayit 8 daga wurin da ke da 4, sauran huɗun na maƙwabci ne a sitak. A na'urorin da ke fara ajiye babban bayit, irin su s390x, rabin da ba naka ba ne zai zama bit 0 zuwa 31. In kuma rubutu ne mai bugu ɗaya a adireshin da bai daidaita da 8 ba, ARM mai bit 64 yana iya ƙin yi ya jefa kuskure. Gyaran ba wuya: ka ce `unsigned long hali = readl(...)`, ka miƙa `&hali` ba tare da tilasta nau'i ba. Duk inda ka ga an tilasta wani abu ya zama `unsigned long *` domin a ba aikin bit, ka tsaya ka bincika.

Na'urarmu mai gurbi 40 rajista biyu take da su:

```c
u32 raj[2];
DECLARE_BITMAP(jira, GURABE);

raj[0] = readl(n->tushe + RAJ_HALI0);
raj[1] = readl(n->tushe + RAJ_HALI1);
bitmap_from_arr32(jira, raj, GURABE);

spin_lock(&n->kulle);
bitmap_and(jira, jira, n->a_hannu, GURABE);
spin_unlock(&n->kulle);

for_each_set_bit(g, jira, GURABE)
	kula_da_gurbi(n, g);
```

`bitmap_and` ɗin nan kariya ce daga na'urar kanta. Katin PCI da ya mutu ko aka zare yana amsa kowane karatu da `0xffffffff`, sai ka ga kamar duka gurabe 40 suna kira. Da ka tace da `a_hannu`, ba za ka taɓa gurbin da ba ka ba kowa ba. Komawa rajista kuma da `bitmap_to_arr32` ne, sannan `writel`. Ga ƙima mai bit 64 akwai `bitmap_from_arr64`. In kanel ɗinka tsoho ne babu shi, raba ƙimar gida biyu da `lower_32_bits` da `upper_32_bits` ka bi ta hanyar 32.

Kada ka kira `set_bit` kai tsaye a kan manunin `__iomem`, wato mai nuni ga rajistar na'ura. Idan kuma taswirar tana cikin memorin da na'ura ke karantawa ta DMA, ko a kan faifai, akwai `test_bit_le` da `__set_bit_le` masu tsayayyen tsari, irin wanda ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, ke amfani da shi.

7. Wutsiyar taswira

Taswirarmu bit 40 ce cikin wuri mai 64, saura 24. Kamar takardar ɗan kamasho ce a tasha: an buga ta da layuka 64, motar kuwa kujera 40 gare ta, abin da ke layi na 41 zuwa ƙasa ba fasinja ba ne. Kanel bai yi alkawarin komai a kan waɗannan 24 ba. `bitmap_fill` yana cika kalmar duka har da su, `bitmap_complement` ma yana juya su.

Saboda haka kada ka leƙa kalmar da kanka. `hweight_long` a kan taswirar da aka cika zai ce 64. `bitmap_weight` zai ce 40. Maimakon `memcmp` ka kira `bitmap_equal`, maimakon gwada ko kalmar sifili ce ka kira `bitmap_empty`. Waɗannan duk sun san inda za su tsaya, muddin ka ba su tsawo na gaskiya.

8. Abin da ya fito daga mai amfani

Duk lambar da ta shigo ta `ioctl` ko sysfs, hanyoyin da shirin mai amfani ke magana da direba, ka ɗauke ta a matsayin ta maƙiyi. Ka riƙe ta a `u32`, kada `int`, don kada mai ragi ya zille wa dubawa.

```c
if (g >= GURABE)
	return -EINVAL;
g = array_index_nospec(g, GURABE);
```

Layi na ƙarshe ya shigo ne bayan bayyanar raunin Spectre a 2018. Yana hana furosesa yin gaban kansa da lambar banza kafin dubawar ta kammala. Yana cikin `linux/nospec.h`.

In an ba ka mafari da tsawo, kada ka tara su ka duba, jimlar na iya zagayowa ta koma ƙarama. Ka fara duba `tsawo > GURABE`, sannan `mafari > GURABE - tsawo`.

Ga sysfs, `bitmap_parselist` yana fassara rubutu irin `0-3,8`, yana kuma ƙin lambar da ta wuce iyaka. Ka fassara cikin taswirar wucin gadi, sai ta yi nasara ka kwafa zuwa ta gaske cikin kulle. Wajen nunawa, `%*pbl` a `sysfs_emit` yana fitar da irin wannan jeri. Kada ka miƙa wa mai amfani `unsigned long` ɗanye: shirin bit 32 a kan kanel mai bit 64 zai karanta shi daban, ga kuma wutsiyar da za ta bi shi. Ka juya zuwa jerin `u32` tukuna.

Masu sha'awar Rust, wanda ya shiga kanel a 6.1 cikin Disamba 2022, za su tarar a sababbin fitowa akwai `kernel::bitmap` da ke riƙe tsawo tare da taswira yana duba iyaka da kansa. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai mafi yawan direbobin da za ka gyara na C ne.

9. Gwaji

Harhaɗa da `make C=1 W=1` domin sparse ya duba, shi ne ke kama wasa da `__iomem`. Tayar da kanel mai KASAN a QEMU da `-smp 4`, ka loda direban, ka sauke, ka sake lodawa, kana karanta `dmesg`. Sannan kanel mai KCSAN, da shirye-shirye huɗu ko fiye suna kamawa suna saki a lokaci guda.

Ka san iyakar KASAN: bayit yake gani, ba bit ba. Bit na 40 zuwa 63 suna cikin memorin da aka ware, don haka ba zai yi ƙara ba. Waɗannan kai za ka gwada da hannunka. Ka aika 0, 31, 32, 39, 40, 63, 64 da `0xffffffff`. Huɗun farko su wuce, sauran su dawo da `-EINVAL`. Ka kama gurabe 40 duka, na 41 ya ba da `-EBUSY`. Ka saki na 39 ka tabbatar shi ne ya dawo. Fayil ɗin `lib/test_bitmap.c` cike yake da misalan yadda ake rubuta irin wannan gwaji.

Maimaita a ARM mai bit 32 da `multi_v7_defconfig` da `-M virt`, inda gurbi na 32 ke faɗawa kalma ta biyu. In kana da hali ka ƙara s390x saboda jerin bayit. In kwamfutarka ba za ta ɗauki duka ba, ARM ɗin kada ya wuce ka, ko da harhaɗawa ce kawai. In na'urar ba ta iso hannunka ba tukuna, abin da ya zama ruwan dare a nan tunda kaya kan daɗe a hanya, ka ware jerin `u32` ya tsaya a madadin rajista, ka riƙa cusa masa ƙima ta debugfs.

Kafin ka aika faci, wato gyaran da ka rubuta wa kanel, bi da shi ta `scripts/checkpatch.pl`, sannan `scripts/get_maintainer.pl` ya nuna maka waɗanda za ka aika wa. In gyaran ya taɓa ainihin ayyukan taswirar na kanel, Yury Norov ne mai kula da su. A saƙon facin ka faɗi irin na'urorin da ka gwada a kai, da ko na gaske ne ko QEMU, ka kuma liƙa rahoton KASAN ɗin in shi ne ya nuna maka matsalar.